Lafiyar Iyali: Ciwon Ƙugun da Ke Tayar da Yaro Cikin Dare

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wata larura ta ƙashi wadda ba ta kisa, ba ta yaɗuwa cikin jiki, kuma tana da magani, amma duk da haka takan cinye wa yaro shekara biyu ko uku na ƙuruciyarsa, ta cinye wa mahaifinsa dukiya, saboda kawai ba a gano ta da wuri ba. Larurar ita ce wani ɗan ƙaramin ƙari da ke tsirowa a cikin ƙashi, musamman idan ya tsiro a gaɓar ƙugu, wato inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙugu, wurin da wasu ke kira kwatangwalo.

Yadda abin yake farawa

Galibi yaro ne ko saurayi mai ƙoshin lafiya, wanda bai faɗi ba, bai buge ba, sai ya fara kukan ciwo a gindin cinya. Da farko ciwon yana zuwa yana tafiya, har a gida a ce gajiyar ƙwallo ce, ko kuwa girma ne ke zuwa masa. Bayan ƴan watanni sai ciwon ya zauna, ya kuma zaɓi lokacinsa: da rana yaro yana yawonsa, amma da dare ya raba sai ciwo ya tashe shi daga barci, kamar ana huda masa ƙashi da basilla. Idan aka ba shi asfirin, ko ibufurofen, ko diklofenak, cikin kamar rabin awa sai ciwon ya kwanta ya koma barci. Da maganin ya sake shi, sai ciwo ya dawo inda yake.

Ana cikin haka sai ɗingishi ya biyo baya. Cinyar da ke ciwo takan fara ramewa, domin yaro yana tausaya mata wajen tafiya, har idan aka gwada ta da ƴar'uwarta a ga ta fi siranta. Uwa mai lura za ta ga ɗanta ya daina tanƙwashe ƙafa a makarantar allo, yana shan wuya wajen tsuguno idan zai yi alwala, ko kuma zaman tahiya ya zame masa aiki. Duk wannan yana faruwa ba tare da zazzaɓi ba, ba kumburi a waje, ba ja, ba miki.

Saboda ciwon yana zuwa da dare ya ɓace da rana, kuma ido ba ya ganin komai, sai zato ya yi yawa a gida. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, wata ta ce iska ce, wani ya ce an yi masa baki, wani kuma ya ce yaron ƙyuyar makaranta yake yi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ciwo ga yaro, domin an haɗa masa zafin ƙashi da zafin rashin yarda.

Mene ne wannan ƙari?

Sunan da za ku gani a takardar lokotoro da Faransanci shi ne ostéome ostéoïde. Wani masanin cututtukan ƙashi na birnin Niyok a Amurka, mai suna Henry Jaffe, shi ne ya fayyace shi ya raɗa masa suna a shekarar 1935. Ƙari ne ƙanƙane ƙwarai, wanda faɗinsa ba ya kan wuce santimita ɗaya da rabi, sau da yawa ma bai fi ƙwayar wake ba. Likitoci suna kiran tsakiyarsa da wata kalmar Latin mai ma'anar sheƙa, domin yana zaune cikin ƙashi kamar sheƙar tsuntsu cikin kogon itace, ƙashin da ke kewaye da shi kuma yakan yi kauri ya taurara.

Ya fi kama masu shekara 5 zuwa 25, kuma maza sun fi mata samunsa ninki biyu zuwa uku. A cikin ƙarin ƙashi marasa mugunta guda goma, kusan ɗaya shi ne. Fiye da rabinsa a ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri yake fitowa, kuma a ƙashin cinyar ma ya fi son can sama, kusa da ƙugu.

A nan ya kamata mu tsaya mu kwantar wa iyaye da hankali. Da yawa daga cikinmu idan lokotoro ya ce "ƙari ne a ƙashi", ko muka ga kalmar tumeur a takarda, sai gabanmu ya faɗi, mu ɗauka sankara ce, wato kansa, mu fara tunanin yanke ƙafa. Ƙari iri biyu ne. Akwai mai mugunta, wanda ke girma yana cin naman da ke kusa da shi, yana aika ƴaƴansa zuwa huhu da sauran sassan jiki. Akwai kuma marar mugunta, wanda ke zaune wuri ɗaya. Wannan da muke magana a kansa yana cikin kashi na biyu: ba ya ƙara girma fiye da ƙimarsa, ba ya yaɗuwa, kuma ba ya rikiɗa ya zama sankara. Sharrinsa ciwo ne, da kuma ɓarnar da jinkiri ke jawo wa gaɓa.

Abin da ya sa ƙwayar magani ke kashe ciwon

Abin mamaki ne a ce abu kamar ƙwayar wake ya hana saurayi barci. Dalili shi ne sheƙar nan tana cike da ƙananan hanyoyin jini da zaren jijiyoyi masu jin zafi, kuma tana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke buɗe hanyoyin jini ya tsokani jijiyoyi. Yawan sinadarin a cikin sheƙar yakan ninka na lafiyayyen ƙashi sau ɗari ko fiye. Asfirin da danginsa kuwa aikinsu ke nan, hana jiki sarrafa wannan sinadari, kamar yadda masanin magunguna na Ingila John Vane ya gano a 1971, aikin da ya sa ya samu rabo a kyautar Nobel ta 1982. Shi ya sa waɗannan magunguna suka fi farasetamol tasiri a kan wannan ciwo.

To, ga inda matsalar take. Sauƙin da ƙwayar ke kawowa alama ce babba da lokotoro ke nema domin ya gane cutar, amma a gidajenmu wannan sauƙin ne ke hana mu zuwa wurinsa. Tun da ƙwayar magani daga mai tebur tana sa yaro ya yi barci, sai mu ce ai an samu magani, a ci gaba da saye wata da watanni. Idan daga baya aka je asibiti kuma, sai a manta a faɗi wannan labari, ko a ɓoye shi don gudun faɗan lokotoro. Haƙiƙa wanda ya ɓoye wannan ya ɓoye rabin amsar.

Me ya sa na cikin gaɓa ya fi wuyar ganewa?

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi na ƙashin ƙugu kamar taɓarya a turmi. Ƙarƙashin kan akwai wuya, kuma wata jaka mai ɗan ruwa ta lulluɓe su domin gaɓar ta riƙa juyawa ba tare da gogayya ba. Kusan ɗaya cikin goma na irin wannan ƙari yana fitowa ne a cikin jakar wata gaɓa, kuma gaɓar ƙugu ita ce kan gaba. Idan ya fito a nan sai ya sauya kama ta hanyoyi uku.

Na farko, sinadarin da yake fitarwa yana zuba cikin gaɓar, sai fatar cikin jakar ta kumbura, ruwa ya taru, gaɓa ta sandare. Mai dubawa sai ya ga alamun ciwon gaɓa, hankalinsa ya tafi can. Na biyu, ƙashin da ke cikin jakar ba ya yin kaurin nan da ke tona asirin ƙarin a hoto, kamar yadda yake yi a tsakiyar cinya ko ƙwauri. Na uku, ciwon ba lalle ne ya bi ƙa'idar da muka faɗa ba: wani yana jin sa dare da rana, wani kuma asfirin ba ya yi masa aiki sosai. Sa'an nan akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙugu da gwiwa baki ɗaya, saboda haka yaro yana iya nuna gwiwa alhali cutar tana sama. Yara da yawa an yi ta ɗaukar hoton gwiwarsu ana cewa lafiya lau. Don haka duk yaron da ke kukan gwiwa yana ɗingishi, aka duba gwiwar ba a ga komai ba, a duba ƙugunsa.

Kada mu ɗauka wannan jinkiri a ƙasashenmu kawai yake. Wani bincike da likitocin ƙashi na birnin Budafes a ƙasar Hangari suka wallafa a 2004 ya nuna cewa masu wannan ƙari a cikin gaɓa sun yi, a matsakaici, fiye da wata 26 kafin a gano shi, alhali masu shi a wajen gaɓa wata 8 da rabi suka yi. Idan haka ta faru inda na'urori suke a wadace, to mu sai mun ƙara naci.

Cututtukan da ke kama da shi

Ba kowane ciwon ƙugu ne wannan ƙari ba, hasali ma wasu cututtukan sun fi shi yawa a wurinmu, kuma dole lokotoro ya fara kawar da su.

Ta farko ita ce amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi. Yana toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ƙashin ya mutu ya lotse, kuma wannan sananne ne ga samari da ƴanmata masu wannan cuta. Gwajin jini yana bayyana ta, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa da aka keɓe domin masu ita. Ta biyu tarin fuka, wanda ba huhu kaɗai yake kamawa ba: yana shiga ƙashin baya da gaɓar ƙugu, ya zo a hankali da rama da zufar dare. Ta uku ƙurjin cikin ƙashi, wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa, kuma a hoto yana iya kama da sheƙar nan ƙwarai. Akwai kuma wata cuta ta yara, galibi masu shekara 4 zuwa 8, da ke raunana kan ƙashin cinya, da wata ta masu tasowa, musamman masu jiki, inda kan ƙashin ke zamewa daga wuyansa. Daga ƙarshe akwai sankarar ƙashi, wadda ita ma samari take kamawa, sai dai ta fi fitowa kusa da gwiwa, kuma takan zo da kumburin da ke ƙaruwa mako bayan mako.

Muna jan kunne a kan abu ɗaya. Yaron da ciwon ƙugu ya kama farat ɗaya, da zazzaɓi mai zafi, har ya kasa taka ƙafa, wannan ba na jira ba ne. Yana iya zama mugunya ce ta taru a gaɓa, kuma tana lalata gaɓar cikin ƴan kwanaki. A kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Hotunan da ake ɗauka

Bayan tambayoyi da gwada motsin gaɓa da gwajin jini, wanda a wannan ƙari yakan fito lafiya lau, sai a koma ga hoto. Hotunan ba ɗaya ba ne, kowanne da abin da yake gani.

Hoton radiyo shi ne na farko, shi ne mafi araha, kuma yana kawar da cututtuka da dama. Amma yana tara duk kaurin ƙashi a shafi ɗaya, don haka abu mai girman wake a wuyan ƙashin cinya yana iya ɓuya, musamman a watannin farko. Idan aka ce radiyo bai nuna komai ba, ma'anarsa radiyo bai gani ba, bincike bai ƙare ba. Hoton eko, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna ruwan da ya taru a gaɓa, amma ba ya ratsa ƙashi. Hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa IRM a takardun asibiti, yana da tsada kuma yana da kaifin gani, sai dai a wannan larura yakan nuna kumburin ɓargo mai faɗi da ruwan gaɓa, su rufe ƴar sheƙar, har mai karanta hoton ya yi zaton ƙurji ne ko sankara.

Wanda ya fi dacewa shi ne sikana, na'urar da injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara duba majinyaci da ita a Landan a 1971. Ita tana yanka hoton ƙashi sala-sala, kowane sala kamar milimita ɗaya ko biyu, sai sheƙar ta fito fili: ɗan da'ira mai duhu, sau da yawa da ɗigon fari a tsakiyarsa. Idan labarin ciwon ya dace da wannan hoto, galibi lokotoro ya samu amsarsa. Gani ya kori ji. Ana samun sikana a manyan asibitoci na manyan birane kamar Yamai, kuma mun san kuɗinta da kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma idan aka lissafa abin da ke tafiya wajen ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe da yawon neman magani na shekara biyu, sau da yawa za a tarar hoto ɗaya da ya dace ya fi sauƙi.

Abin da ya rataya a wuyan iyaye

Na ɗaya, mu gaskata yaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙyuya ba ta tayar da mutum ƙarfe biyu na dare yana kuka.

Na biyu, ciwon ƙashi ko gaɓa da ya wuce mako uku ko huɗu, ko yake tayar da yaro daga barci, ko ya kawo ɗingishi, a kai shi gidan likita. Idan an yi magani bai ji sauƙi ba, a nemi takardar turawa zuwa wurin lokotoron ƙashi.

Na uku, a samu ɗan littafi a riƙa rubutawa har mako biyu, da boko ko da ajami: ƙarfe nawa ciwon ya taso, a ina yaro ya nuna da yatsansa, wane magani aka ba shi, bayan minti nawa ya kwanta, awa nawa ya yi kafin ya dawo. A tafi da littafin da kwalin maganin. Wannan ƴar takarda tana iya rage watanni na lalube.

Na huɗu, a adana kowane hoto da kowace takardar gwaji a jaka ɗaya, a tafi da su duk inda za a je. Kuma babu rashin ladabi idan uba ya ce cikin girmamawa: "Lokotoro, ciwon nan da dare yake tashi, kuma ibufurofen na kwantar da shi. Ko akwai bukatar sikana?"

Na biyar, a yi hattara da ƙwayoyi. Asfirin da danginsa idan aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba suna kawo gyambon ciki da zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, balle a lokacin zafi da ƙarancin shan ruwa. Ba a ba ƙaramin yaro asfirin sai da izinin lokotoro, musamman idan yana zazzaɓi. Mafi haɗari shi ne saurayi ya gaji da ciwo abokai su nuna masa taramol, a wayi gari an fita daga ciwon ƙashi an faɗa shaye-shaye.

Na shida, masu ɗori suna da aikinsu da aka san su da shi, amma a nan babu karaya, babu targaɗe. Ja da murza da tsaga da ƙaho ba sa kaiwa ga abin da ke cikin ƙashi, sai dai su ƙara wa yaro wahala. Addu'a kuwa ba ma rabuwa da ita a kowane hali, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi wa yaro addu'a da dare, da safe a kama hannunsa a tafi asibiti.

Idan an gano shi, sai me?

Hanyoyi uku ne, lokotoro ne zai zaɓa tare da iyaye. Ta farko ita ce a ci gaba da maganin kashe ciwo a ƙarƙashin kulawar asibiti, domin wannan ƙari yakan mutu da kansa, sai dai yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Ga wanda ke cikin gaɓar ƙugu ba a cika son dogon jira ba, saboda kumburin da ya daɗe yana iya sandarar da gaɓa, ya sauya siffar wuyan ƙashin yaro mai girma, ya sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko ya jawo lalacewar gaɓa tun da ƙuruciya.

Ta biyu fiɗa ce, a buɗe a ciro sheƙar dukanta. Idan an cire ta sarai ciwo ya tafi ke nan, amma majinyaci yakan yi makonni da sanda kafin ƙashin ya yi ƙwari. A wasu asibitoci ana yin wannan aiki ta ƴan ƙananan huji da kyamara.

Ta uku ita ce ƙonawa da allura, hanyar da Daniel Rosenthal da abokan aikinsa na birnin Boston suka fara bayyanawa a 1992. Ana sa majinyaci barci, a shigar da siririyar allura har cikin sheƙar ana kallo ta sikana, a zafafa bakinta zuwa digiri 90 na kamar minti 6. Kusan tara cikin goma suna rabuwa da ciwon daga yi ɗaya, kuma galibi a koma gida a ranar ko washegari. Ba kowane asibiti ke da kayan wannan aiki ba, kuma inda babu su fiɗa tana biyan bukata.

Ƴan'uwa, a duk waɗannan hanyoyi, mafi tsawon tafiya ita ce ta kafin a san sunan cutar, kuma a wannan tafiya iyaye ne ke gaba. Su ne ke jin kukan dare, su ne suka san ƙwayar da aka sha da abin da ta yi. Wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabcinsa, wataƙila akwai yaron da ke ɗingishi a unguwarku yau shekara guda ana cewa sanyi ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya da albarka. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.